Tsadar fetur da abin da na tarar a injin motata

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, duk mai ƙaramar mota a Kano ya shiga lissafin da bai saba da shi ba. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin Yuli ya fita ta wuce 600, zuwa Oktoban 2024 kuma ta tsallake 1,000. Motata Corolla ce 'yar Kwatano, tankinta lita 50 yake ci. Tankin da naira 10,000 ke cikawa a da sai ga shi yana neman fiye da 50,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ni ma'aikaci ne mai iyali, gidana yana Rijiyar Zaki, wurin aikina yana cikin gari, makarantar yara kuma ba ta kan hanyata.

Abubuwan da kowa ya yi ni ma na yi su. Na kashe na'urar sanyi ko da ranar watan Afrilu na dukan gilashi, na daina fita cefane kullum, na koma sayen hatsi a Dawanau da kayan masarufi a kasuwar Singa a fita guda bayan an yi albashi. Ni da wani maƙwabcina muka raba kai yara makaranta, wannan mako ni, mako mai zuwa shi. Duk wannan ya rage nauyi, amma allurar mai ba ta daina faɗuwa da saurin da ke tayar mini da hankali ba, musamman lokacin hunturu, kuma na kasa gane dalili tunda tafiyar ta ragu sosai.

Har na fara tunanin sayar da motar in sayi babur, sai wani abokin aikina ya haɗa ni da wani matashin bakanike da ke duba mota da kwamfuta. Ya jona na'urarsa, muka zagaya unguwa, ya tsaya yana kallon lambobin zafin injin. Sai ya ce, "Yallaɓai, motar nan ba ta ɗaukar zafi. Wa ya cire maka tamostat?" Na ce ban san an cire komai ba. Ya buɗe bonet ya nuna mini fankar lagireto tana juyawa tun daga lokacin da aka murɗa makulli, ya kwance bakin tiyon ruwa, wurin da ya kamata tamostat ya zauna babu komai a ciki.

Nan na tuna cewa shekarun baya, ba da jimawa da sayen motar ba, ta taɓa yin zafi a cunkoson Kabuga, na kai ta gareji. Bakaniken da ya karɓe ta ya ce ya gyara, ba za ta sake zafi ba har abada, na biya shi na yi godiya. Bai gaya mini cewa ya cire wani abu ba, bai kuma gaya mini ya yi wa fanka dairek, wato ya haɗa ta yadda za ta riƙa juyawa ba tsayawa, ba. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin ba ƙaramin kuɗi wannan aikin ya ci mini ba, kuma ya ci shi ne a hankali, lita bayan lita, a shekarun da mai ke da arha har ban lura ba, sannan ya ci gaba da ci a lokacin da nake hana iyalina fita saboda tattali.

Ga yadda abin yake. An ƙera injin ne don ya yi aiki a zafin da ya kai kusan digiri 90. Tamostat ɗan ƙaramin marfi ne da ke tare ruwa kada ya zagaya lagireto sai injin ya ɗumama, a irin motata yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82. Muddin injin yana da sanyi, kwamfutar motar tana ƙara yawan man da take fesawa, domin fetur ba ya ƙonewa sosai a injin da bai yi zafi ba. Idan aka cire tamostat, aka kuma bar fanka tana hura iska ba tsayawa, sai motar ta daɗe ƙwarai a wannan hali, da safiyar hunturu ma har in isa ofis ba ta fita daga cikinsa ba. Ƙarin man nan ba ya ƙara gudu ko ƙarfi, sai dai ya baƙanta filogi, ya tsinka baƙin mai, sauran ya fita ta salansa. Makanikai da yawa a ƙasar nan suna cire shi da hujjar cewa an yi shi ne don ƙasashen sanyi, amma irin waɗannan motoci suna yawo a Saudiyya da tamostat ɗinsu. Abin da ya sa tawa ta yi zafi tun farko, kamar yadda muka gano, lagireto ne da ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa.

Na je Ƙofar Ruwa na sayi tamostat, aka wanke lagireto, aka zuba ruwan sanyaya injin na gaskiya, aka mayar da fanka kan ainihin wayarta, aka canja filogi da matatar iska. Kuɗin aikin gaba ɗaya bai kai na cika tanki ɗaya ba. A makon farko na riƙa kallon allurar zafi da fargaba, domin na saba ganinta kwance a ƙasa, yanzu kuma ta hau kusan tsakiya ta tsaya. Can ne wurinta. Man da a da yake ƙarewa kafin Juma'a sai ya fara kai ni cikin mako na gaba, kuma wannan gyara guda ya fi kashe na'urar sanyin da na sha wahalarsa amfani nesa ba kusa ba.

Daga nan ne sauran dabarun suka fara nuna tasirinsu. Na daina barin mota a kunne tsawon lokaci da asuba da sunan ɗumama ta. Motar da ke da injekta, wato wadda kwamfuta ke fesa wa injinta mai kamar tawa, rabin minti ya ishe ta, sai a ja ta a hankali, a kan hanya take ɗumama da sauri. Na gane kuma gajeriyar tafiya ce ta fi cin mai, irin zuwa masallacin Juma'a na unguwa ko shagon bakin titi, tunda injin bai kai ga zafi ba za a kashe shi, don haka waɗannan na mayar da su tafiyar ƙafa. Iskar taya nake aunawa bisa lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba bisa abin da mai faci ya ga dama ba. A babbar hanya ina tsayawa tsakanin kilomita 80 da 90 a awa, kuma idan na hango danja ko cunkoso ina ɗaga ƙafa daga totur tun daga nesa maimakon in taka birki a ƙurarren lokaci. Man 'yan bumburutu kuwa ba na kusantarsa sai dole, domin ba ka san abin da aka gauraya a jarkar ba.

Na yi lissafin mayar da motar mai amfani da iskar gas ta CNG da gwamnati ta riƙa tallatawa tun 2023. Arharta gaskiya ce, amma a lokacin wuraren ɗurawa a yankinmu ba su da yawa, bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 bai fara kawo gas ba, tukunyar kuma za ta cinye rabin but. Na dakata. Bayan matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, farashi ya ɗan sauko ƙasa da 1,000 a cikin 2025, amma bai kusanci inda muka baro ba.

Abin da gyaran injin bai dawo mini da shi ba shi ne zumunci. A da kusan kowane ƙarshen mako ina zuwa gaida mahaifiyata a Gumel. Yanzu sai mu haɗu da ƙannena a mota ɗaya mu raba kuɗin mai, biki da suna da yawa kuma a waya ake yin su. Shi ya sa zancen tamostat ɗin yake ƙara yi mini ciwo, domin a cikin tafiye-tafiyen da na fasa akwai waɗanda man da ya zube a banza zai iya kai ni. Duk abokin da ya yi mini kukan motarsa na shan mai, tun kafin mu kai ga batun babur ko gas, sai in ce ya murɗa makulli da safe ya saurara. Idan fankar lagireto ta tashi nan take alhali injin na da sanyi kuma na'urar sanyi a kashe, ya kai ta a duba masa tamostat, kuma duk abin da bakanike ya kwance daga jikin motarsa ya ce a nuna masa shi a hannu kafin ya biya.