Idan Maƙwabci Ya Yi Shiru

Aikina shi ne in sa ƙananan mutum-mutumi masu ɗauke da na'urorin awo su bazu cikin fili, su raba shi a tsakaninsu ba tare da wata kwamfuta guda tana ba su umarni ba. Ana buƙatar irin wannan wajen sa ido kan gobarar daji ko bin sawun gurɓataccen ruwa. Dalilin cire shugaba a fili yake: in ya lalace, ko sigina ya yanke tsakaninsa da sauran, kowa ya tsaya cik.

Lissafin da aka gina abin a kansa ya daɗe. A 1908 Georgy Voronoy ya bayyana yadda ake yanka sarari ta yadda kowane wuri zai faɗa hannun wanda ya fi kusa da shi. A 1957 Stuart Lloyd na cibiyar bincike ta Bell Labs ya fito da dabara mai sauƙi, wadda ba a wallafa ba sai 1982: shata yankinka, nemo tsakiyar nauyinsa, matsa can, sake shatawa. Jorge Cortés da abokan aikinsa ne suka nuna a 2004 cewa mutum-mutumi na iya yin haka da kansu, muddin kowanne ya san inda maƙwabtansa suke. In ka ƙara wa wani sashe nauyi, wato muhimmanci a lissafin, a ce inda hayaƙi ya fi turnuƙewa, sai ka ga sun gangara can, yankunansu sun ƙanƙance, ba wanda ya ce musu su je. Har gobe abin yana burge ni. Sai dai lissafin ya tabbatar ne kawai za su daidaita su natsu, bai yi alkawarin cewa rabon da suka tsaya a kai shi ne mafi kyau ba.

Inda aikin ya fi koya mini hankali shi ne wannan sharaɗin na sanin inda maƙwabci yake. A allon kwamfuta kyauta ake samunsa. A fili kuwa, kowace na'ura tana sanar da matsayinta ta rediyo, sai kwatsam ɗaya ta daina magana. Batirinta ne ya mutu? Ta shiga bayan gini ne? Ko saƙo ne ya ɓace a hanya? Wadda ke kusa da ita ba ta da hanyar bambancewa. In ta yi gaggawar cewa waccan ta mutu, za ta faɗaɗa yankinta ta nufi can, sai waccan ta dawo da magana, su ja da baya, su sake matsowa, suna ta kai da komo batir na ƙonewa a banza. In kuma ta yi jinkiri, an bar ɓangare guda ba mai tsaro, wataƙila a nan wutar take.

Akwai wanda ya fi wannan wuyar ganewa: wannan tana jin waccan, waccan ba ta jin wannan. Kowacce ta shata iyaka daban, kuma a lissafinta daidai take. Ga kuskuren GPS na 'yan mitoci, wanda ke sa iyakar rawa ko da ba wanda ya motsa.

Shi ya sa nake girmama aikin Kilobot na Jami'ar Harvard a 2014, inda na'urori 1,024 suka jeru suka fitar da siffofi, kowacce tana magana da na kusa da ita kaɗai ta hasken infrared wanda ido ba ya gani, abin yana cin kusan awa 12. Sannu a hankali suke, amma tun farko an tsara su da sanin cewa wasu za su kauce.

Yanzu kowane saƙo sai na liƙa masa lokacin da aka aiko shi, kuma yardar da na'ura ke yi da matsayin maƙwabcinta tana raguwa kaɗan-kaɗan gwargwadon tsawon shirun, ba a yanke hukunci lokaci guda. Ba ta motsawa in tazarar da ke tsakaninta da tsakiyar yankinta bai wuce kuskuren GPS ba. Wadda batirinta ya yi ƙasa kuma dole ta sanar kafin ta tafi caji, domin maƙwabta su karɓi yankinta tun tana iya magana.