Tambulan na Shida: Ranar Alƙalancin Giya a Burton

Asabar, da dare.

Na dawo masauki ƙarfe tara saura kwata, kuma har yanzu ina jin wani ɗan maƙaƙi a maƙogwarona wanda tambulan na shida ya bar mini tun da rana, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya faru tun harshena bai manta ba. Yau ce rana ta farko da aka ba ni kujera a teburin alƙalan gasar giya, bayan shekara biyu ina ɗauko kwalabe, ina wanke tambulan, ina sauraron abin da manya ke faɗa. Na san da yawa daga cikin 'yan'uwana ba sa kusantar giya saboda addini, kuma ina girmama hakan, amma ni a gidan da na tashi, can ƙasar Malumfashi, kakata ce ke dafa giyar dawa idan za a yi gayya ko biki, don haka wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurina, sai dai kayan aikinta ne suka bambanta.

Da safe ban ci komai mai yaji ba, ban kuma shafa turare ba, domin hancin da ya cika da wani ƙamshi ba ya iya aikin alƙalanci. Na shiga jirgin ƙasa daga Birmingham, cikin kamar rabin awa muka isa Burton, garin da ke bakin kogin Trent a Ingila. Tun daga tasha mutum zai ji ƙamshin dafaffen tsiron sha'ir a iska, irin wanda ke tashi idan an ɗora tukunya. Garin ya yi suna ne saboda ruwan rijiyoyinsa, wanda ke ratsa duwatsun wani farin ma'adini da ake kira jifsam ya fito da ɗan zartsi, kuma wannan zartsin ne ke sa ɗacin giya ya fito tas, ya tsaya da ƙafarsa ba tare da ya cakuɗe da zaƙi ba. Har yau masu dafa giya a wasu ƙasashe sukan zuba jifsam a ruwansu don su kwaikwayi na Burton. A nan William Bass ya kafa masana'antarsa a 1777, kuma jan tambarinta mai kusurwa uku shi ne tambarin kasuwanci na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, a 1876. Saboda haka zama a wannan gari a yanke hukunci kan nau'in da ake kira pale ale, wato giya mai hasken launi da ɗaci, ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

A wani ɗaki na saman bene aka shirya mana tebura, kowane tebur alƙalai biyu, da tulun ruwa, da biskit marar gishiri na share baki. Abokin zamana wani dattijo ne da ya yi fiye da shekara talatin yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata masana'anta kafin ya yi ritaya. Kafin a fara, ya ciro wani busasshen furen hof daga ƙaramar leda, ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce in murtsuke. Furen kore ne, ganyayyakinsa a jere kamar ɓawon kifi, kuma da na murza shi sai wani rawayan gari mai danƙo ya manne mini a yatsu. A cikin wannan rawayan garin dukan sirrin yake: akwai ƙaron da ke zama ɗaci idan aka tafasa shi kamar awa guda, akwai kuma mai mai ƙamshi wanda zafi ke kora cikin 'yan mintoci. Shi ya sa mai dafawa yakan zuba hof kashi-kashi, na farko don ɗaci, na ƙarshen tafasa don ɗanɗano, sannan wani bayan giyar ta huce ta tsimu, don ƙamshi kawai. Hof yana son dogon yinin bazarar ƙasashen sanyi, shi ya sa ba a noma shi a wajenmu, kuma rashinsa ne ya sa giyar kakata ba ta wuce kwana biyu sai tsami ya ci ƙarfinta, domin hof yana hana ƙwayoyin da ke kawo tsami yaɗuwa.

An fara ba mu wata giya da kowa ya sani don mu daidaita harsunanmu, wato Sierra Nevada Pale Ale, wadda Ken Grossman ya fara dafawa a garin Chico na jihar Kalifoniya a 1980 da hof ɗin Amurka mai suna Cascade. Ƙarfinta kashi 5.6 cikin ɗari ne, ɗacinta kuma 38 a ma'aunin da masu sana'ar ke amfani da shi, kuma ita ce kusan uwar duk abin da za a kawo mana yau. Takardar da muke cikewa maki 50 ce: 12 na ƙamshi, 3 na kamanni, 20 na ɗanɗano, 5 na yadda take zama a baki, 10 kuma na ra'ayin alƙali gaba ɗaya. Ba a faɗa mana sunan kowa, lamba kawai ke jikin tambulan.

Biyar na farko ba su ɗauke mu lokaci ba. Ta ɗaya tana warin jiƙaƙƙen kwali, alamar iska ta shige ta ta tsufa. Ta biyu tana ƙamshin man shanu, wanda ke nuna an raba ta da yis, wato abin da ke tsima giya, kafin ya gama aikinsa. Ta uku kuwa tsaf take, ba ta da hayaniya, komai nata a ma'auni. Ta huɗu da ta biyar ba laifi, amma babu abin da zan tuna game da su gobe.

Sai aka kawo ta shida. Tun kafin in ɗaga tambulan ƙamshinta ya riga ya iso gare ni. Launinta ruwan zuma ne mai haske, da ɗan hazo kaɗan kamar sararin sama a farkon hunturu, kumfarta fara ce mai laushi, kuma da na karkata tambulan ta bar zane a jikin gilashin maimakon ta zame ta ɓace. Na rufe bakin tambulan da tafin hannu, na juya shi sau biyu, na buɗe, na shaƙa gajere-gajere sau uku kamar yadda aka koya mini. Littattafan alƙalanci sukan ambaci 'ya'yan itatuwan da ban tashi da su ba, amma abin da hancina ya ji shi ne ɓawon mangwaro nunanne a watan Afrilu, daidai wajen da ƙaro ke ɗiga daga gindin ɗan, sai gwaba a bayansa, sai ɓawon lemun tsami idan an tsaga shi da farce. Can ƙasa akwai garɗin tsiro mai kama da ɓawon burodi, wanda bai yi ƙoƙarin rufe komai ba. Abin da na rubuta ke nan, kuma na ba ƙamshin 11 cikin 12 ba tare da wata-wata ba.

Kurɓin farko ya cika alkawarin da hanci ya ɗauka. Ɗan zaƙi ya fara zuwa a gaban harshe, 'ya'yan itatuwan suka biyo, sannan ɗacin ya shigo a tsanake, mai tsabta, irin na shuwakar da aka wanke da kyau, wanda ke sa mutum ya ƙara loma. Mu ba ma tofarwa kamar masu gwada giyar inabi, dole a haɗiye, domin rabin labarin yana zuwa ne bayan ta wuce maƙogwaro. A nan ne na fara jin abin da ya dame ni. Bayan daƙiƙa goma ɗacin ya tafi kamar yadda ya kamata, amma wani abu ya rage. Dasashina ya bushe, harshena ya yi kaushi yana kama ganɗa kamar na wanda ya ciji ɗanyar kanya, kuma a can cikin maƙogwaro wani ƙaiƙayi mai ɗan zafi ya tsaya ya ƙi wucewa. Na sha ruwa, na ci biskit, na jira, na sake kurɓa. Haka dai.

Da muka gama rubutu muka juya takardunmu, dattijon ya ba ta 41, ni kuma 36. Ya karanta tawa a hankali, sannan ya ce, “Ɗana, wannan nau'in dama da ɗaci aka san shi, ba a rage wa pale ale maki don ta yi ɗaci.” Na ce masa, “Ranka ya daɗe, ai ɗacinta ban taɓa shi ba, na ma yabe shi a layi na uku. Abin da na rage wa maki daban ne.” Sai na bayyana masa cewa a harshenmu waɗannan abubuwa uku ne, kowanne da sunansa tun ina yaro: ɗaci shi ne na maɗaci da shuwaka, harshe ne ke jinsa, bauri shi ne na ɗanyar kanya da bagaruwa, wanda ke tattare fatar baki, maƙaƙi kuma shi ne wanda ke tsayawa a wuya, irin na gwazar da ba ta dahu ba. Turanci ma yana da kalmominsa na sana'a ga waɗannan, kuma dattijon ya fi ni saninsu nesa ba kusa ba, amma na lura mutanen nan a maganar yau da kullum sukan tara su duka a ƙarƙashin ɗaci, kuma ƙamshi mai ƙarfi irin na wannan giya yakan sa ko gwani ya yi mata afuwa tun kafin ya haɗiye.

Bai yi musu ba. Ya sa aka ƙaro masa kaɗan daga gindin gwangwanin, ya ɗaga tambulan wajen taga, muka ga ƙananan ɓurɓushi kore-kore suna yawo a ciki. Ya kurɓa, ya rufe ido, ya yi shiru kusan minti guda, sannan ya taɓa wuyansa da yatsa ya gyaɗa kai. Ya ce wannan alamar an zuba hof mai yawa bayan tsimuwa, an bar shi ya daɗe a ciki, kuma ba a sanyaya giyar sosai ba don ɓurɓushin ya kwanta kafin a ɗura ta. Ganyen furen yana ɗauke da irin sinadarin da ke sa shayin da ya daɗe a buta ya yi bauri. Ya soke makinsa ya mayar 38, ni na tsaya a 36, aka rubuta mata 37. Ta uku, wadda ba ta da hayaniya, ita ta zo ta ɗaya a teburinmu da 40.

Wannan hukunci daidai ne, kuma da za a sake zama gobe haka zan sake yi, amma bai yi mini daɗi ba. Ta uku ba ta yi kuskure ba domin ba ta nemi wani abu mai wuya ba, ta shida kuwa ta miƙa hannu ga abu babba ta kusa kamawa. Na tuna yadda kakata takan ɗebo giya a ƙaramar ƙwarya da asubar ranar biki, ta kurɓa ta yi shiru, kuma idan na matsa mata da tambaya sai ta ce, “Maigidana, bari ta gama magana tukuna.” A lokacin ban gane cewa abin da take jira shi ne abin da ke zuwa bayan haɗiya ba. Ta taɓa zubar da tukunya guda saboda ta ji ƙaurin wuta a ƙarshenta, alhali duk wanda ya shinshina ya ce lafiya lau take.

Da yamma aka buɗe sunaye, mai lamba shida ta zo teburinmu da takardarta a hannu. Matashiya ce, ita da ƙanenta ke riƙe da wata ƙaramar masana'anta a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, kuma na ga ta ja layi a ƙarƙashin abin da na rubuta game da maƙogwaro. Ta ce Citra da Mosaic ta yi amfani da su, dukansu hof ɗin Amurka ne, kuma ta bar su kwana bakwai a cikin tanki, sannan ta yi gaggawar ɗurawa don kada ranar gasa ta wuce ta. Dattijon ya ba ta shawarar ta rage zuwa kwana biyu ko uku, domin yawancin ƙamshin yakan fita tun a farko, abin da ke biyo baya ganye ne kawai, sannan ta sauke sanyin tankin kusa da daskarewa na kwana biyu kafin ta ɗura. Ni abin da na ƙara shi ne kada ta taɓa tsiron sha'ir ɗin da ta zaɓa, kada kuma ta rage ɗacin farko, domin tsoron da nake ji shi ne ta karanta makin ta ɗauka cewa ana so ta mayar da giyarta lami. Ta tambaye ni wane irin mangwaro nake nufi, na ce ɗan ƙaramin nan mai zare da ake tsotsa, ba manyan da ake sayarwa a kantunan nan ba. Ta rubuta a gefen takardar.

Kafin in fito na sayi gwangwani biyu daga cikin waɗanda ta zo da su. Na tsayar da su a can ƙuryar firiji inda ba za a girgiza su ba, kuma na rubuta kwanan wata a jikin kowanne. Zan buɗe ɗaya bayan mako biyu, in tsiyaya a hankali in bar na gindin, in ga ko baurin ya kwanta, in kuma ga nawa ne daga cikin ƙamshin mangwaron zai jira ni har zuwa lokacin.