Shekara 88 da 'yan Kweka suka yi suna share gidansu kafin su tunkari cinikin bayi

Ɗalibin tarihi a Sakkwato yakan haddace sunan Wilberforce, ɗan majalisar dokokin Ingila, da shekarar 1807, a ce masa shi ke nan an hana cinikin bayi. Amma a kwamitin mutum 12 da ya zauna a Landan ranar 22 ga Mayu 1787 don tsara wannan yaƙi, mutum 9 'yan Kweka ne, wata ɗariƙar Kirista da George Fox ya kafa a Ingila wajajen 1650. Ba su da limami, ba su rantsuwa, ba su zuwa yaƙi, su kuwa suna kiran junansu Abokai. Abin lura a tarihinsu shi ne su ma sun mallaki bayi. William Penn, wanda ya kafa Pensilbeniya a Amurka, yana da nasa. Hausawa sun ce in kura na maganin zawo ta yi wa kanta, kuma ta nan suka fara.

Sai an san tsarinsu za a gane dalilin jinkirin. Suna da taron wata-wata na unguwa, sama da shi taron wata uku-uku, sannan taron shekara. Ba a ƙuri'a. Magatakarda yana saurare, sai ya ga bakin jama'a ya zo ɗaya sannan ya rubuta matsaya. Ke nan attajirai kaɗan masu bayi sun isa su danne magana. Haka aka yi a 1688, da Francis Daniel Pastorius da mutum uku a Jamantawun, wani gari a Pensilbeniya, suka rubuta koke cewa ba daidai ba ne ka sayar da mutum alhali kai ba ka son a sayar da kai. Taron wata ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, ya tura gaba. Na wata uku ya tura wa na shekara, na shekara ya ajiye takardar. Ba a sake ganinta ba sai 1844.

Benjamin Lay, wani gajeren mutum da ya ga azabar gonakin rake a tsibirin Barbados, ya bi ta hanyar kunyatarwa. A taron shekara na 1738 ya ɓoye jan ruwan 'ya'yan itace cikin littafi, ya soke shi da takobi, ruwan ya fantsama kan masu bayi kamar jini. Korarsa aka yi. A ganina ya girgiza mutane, amma ba dabararsa ce ta ci ba. Wadda ta ci ita ce ta John Woolman, tela kuma marubucin wasiyya, wanda ya ƙi rubuta bawa cikin kayan gado, yana bin iyayengijin bayi gida-gida da lallami. Tare da shi akwai malamin makaranta Anthony Benezet, mai koyar da 'ya'yan baƙaƙen fata a Filadelfiya, babban birni a Pensilbeniya.

Daga nan aka riƙa ɗaure igiyar a hankali. A 1758 taron shekara na Filadelfiya ya ce duk wanda ya saya ko ya sayar da bawa ba shi da baki a harkokin taro, aka kuma naɗa mutanen da za su ziyarci masu bayi. A 1761 taron Landan ya yanke korar masu fataucin bayi. A 1776 Filadelfiya ta kai ƙarshe: ka 'yanta ko a cire ka daga ɗariƙa. Daga 1688 zuwa nan shekara 88 ke nan.

'Yantarwar ma ba ta tafi sumul ba. A Karolina ta Arewa, a Amurka, doka ta hana ubangida ya saki bawa yadda ya ga dama, don haka a 1777 hukuma ta kama waɗanda 'yan Kweka suka 'yanta ta sake sayar da su. Mafitar da suka samo a 1808 abin mamaki ce: taron shekara da kansa ya karɓi mallakar bayin a takarda, su kuma suna zaman kansu, ana kwashe su sannu a hankali zuwa jihohin da babu bauta.

A Ingila matsalar daban ce. A wancan zamanin ɗan Kweka ba ya iya zama a majalisar dokoki, saboda ba ya rantsuwa kuma ba ya cikin cocin gwamnati. Kokensu na 1783 mai sa hannun mutum 273 an karɓa da ladabi an ajiye. Shi ya sa suka jawo 'yan cocin Ingila irin su Granville Sharp da Thomas Clarkson, Wilberforce ya zama bakinsu a majalisa. Su kuma suka riƙe kuɗi, da maɗaba'ar James Phillips inda aka fara zama, da tarukansu na garuruwa da suka zama hanyar raba takardu da tara sa hannu. Clarkson ya bi tashoshin Biristol da Libaful yana jin ta bakin matuƙan jirage. An buga zanen jirgin dakon bayi mai suna Brookes da mutane jere kamar itacen girki, jirgin da doka ta yarje wa 454 amma ya taɓa ɗaukar 609. A 1791 aka shiga ƙaurace wa sukarin da bayi suka noma.

Wani zaɓi da suka yi ya jawo tsada. Sun nufi cinikin kawai, suna zaton in aka toshe hanyar kawo sababbi, bautar za ta mutu da kanta. Ba ta mutu ba. A 1824 Elizabeth Heyrick, 'yar Kweka daga Lesta, ta fito ta ce a saki bayi nan take, ban da jan ƙafa. Dokar soke bauta ta zo a 1833, aka biya iyayengiji diyyar fam miliyan 20, bayin ba su sami ko sisi ba, aka kuma riƙe su da sunan koyon aiki har 1838.

A wannan shekara ta 1824 ne Clapperton, wani Bature mai yawon bincike daga Birtaniya, ya iso Sakkwato, ya tattauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kan hana kai bayi bakin teku. Salon jan ƙafar kuwa ya biyo mu har gida. Dokar Pensilbeniya ta 1780 ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa ne kawai, su ma sai sun yi wa ubangidan uwarsu aiki zuwa shekara 28. Shelar Gwamna Lugga ta 1901 ita ma ta 'yanta yaran da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar, manya kuwa aka bar su da murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa, da biyan fansa a gaban alƙali. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa.