Mota muka je roƙo, ashe ruwa ne matsalarmu

Ranar da Oga ya kira ni ofis ya ce daga yau ni zan riƙa rubuta takardun neman tallafi, hujjarsa ɗaya ce: a duk tasharmu ta kwana-kwana ni kaɗai ke da kwamfuta ta kaina. A 2021 ne, shekarar da babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a watan Janairu, ta Katsina ta bi bayanta a watan Maris. Hankalin kowa a aikin nan ya tashi, don mun san idan irin wannan ta faɗa wa kasuwar garinmu, abin da ke hannunmu ba zai kai mu ko'ina ba. Motoci biyu gare mu. Ɗaya tana aiki, ɗaya kuma ta daɗe a kan duwatsu, har kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa yin irin wannan aikin ba."

Ya ce, "Mu ma ba a haife mu da mesa a hannu ba. Je ka nemo mana mota."

Intanet na fara faɗawa, kamar kowa. Nan na ci karo da shirin da hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ke gudanarwa tun 2001, wanda ke ba tashoshin kashe gobara kuɗin kayan aiki da horo. Mako biyu ina karatu ina murna kafin na lura cewa tashoshin cikin Amurka kaɗai ake ba. Kunya ta hana ni faɗa wa Oga. Amma na ga irin tambayoyin da suke yi wa mai nema: kira nawa kuka amsa a shekarun baya, mutum nawa ke yankinku, kayanku shekarunsu nawa. A lokacin na ɗauka tsirfar Turawa ce kawai.

Takardata ta farko shafi goma ce, kuma duk kuka ne. Na kawo gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta watan Maris na 2016, wadda ta cinye shaguna sama da 3,000. Na yi dogon bayani kan hunturu, da yadda hita da gawayi da dawowar wutar lantarki da ƙarfi cikin dare ke tayar da gobara. A shafin ƙarshe na ce a taimaka mana da sabuwar mota. Na aika wa wata gidauniya, na zauna jira. Amsar da ta zo layi huɗu ce, an gode, ba a samu dama ba. Na yi ta maza na buga waya, aka haɗa ni da wata jami'a. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Malam, duk abin da ka rubuta na wasu garuruwa ne. Ku a garinku gobara nawa kuka je bara? Minti nawa kuke yi kafin ku isa? Idan aka ba ku motar, wa zai riƙa zuba mata mai?" Na yi zuru. Shekara tara ina aikin, ban iya amsa ko ɗaya ba.

Washegari na nemi mabuɗin sito, na kwaso littattafan da mai tsaron waya ke rubuta kira a ciki. Wasu gara ta ci bayansu, wasu damina ta manne shafukansu, sai da na riƙa sa reza ina rabawa. Kowane shafi da irin rubutunsa: lokacin kira, unguwa, motar da ta fita, lokacin dawowa, sai ɗan fili a ƙarshe na ƙarin bayani. Wata guda na yi ina kwafe su cikin kwamfuta bayan sallar isha'i. A wannan ɗan filin na ƙarshe ne na ga magana ɗaya tana ta dawowa da rubutun mutane daban-daban, shekara bayan shekara: ruwa ya ƙare, an koma ɗiba. Wani wurin ma an ƙara da cewa jama'a sun yi jifa.

Na kai wa Baba direba, wanda ya fi kowa daɗewa a tashar. Ya dubi takardar ya yi dariya. Ya ce, "Yaro, sai da ka ƙona fitila wata guda ka gano wannan? Da ka tambaye ni ai da na hutar da kai." Lissafin da ya yi mini da tsinke a ƙasa mai sauƙi ne. Motarmu lita 5,000 take ɗauka. Mesa ɗaya idan an buɗe ta sosai tana fitar da wajen lita 500 a minti. Minti goma kenan. Idan aka ja mesa biyu, minti biyar. Daga nan sai a juya a nufi wurin ɗibar ruwa a bayan gari, a bi layi da tankokin masu gini, a dawo a tarar da wuta ta tsallaka layi uku. Mutanen da ke jifanmu suna cewa mun zo ba ruwa ba ƙarya suke ba a idonsu: wanda ya iso wurin bayan minti goma, motar da babu komai a cikinta zai gani. Sabuwar mota da an ba mu, ita ma minti gomanta za ta yi ta bi sahu.

Sai da na yi kwana uku ina juya yadda zan faɗa wa Oga. Mota ce ake gani, ita ake yanka wa kirtani a ɗauki hoto. Rijiyar burtsatse da tanki a bayan rumfunan masu hatsi ba sa burge kowa. Ya saurare ni, ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta duka biyun. Na rubuta, amma ta ruwan na fi ba ƙarfi, Allah Ya yafe mini.

Ana cikin haka wata ƙungiya a ƙasar waje ta aiko mana da kyautar kayan da aka yi amfani da su, ta hanyar wani ɗan garinmu da ke zaune can. Niyyarsu kyakkyawa ce, laifin namu ne da ba mu yi tambaya ba. Kafin a samo takardar yafe harajin kwastan daga ma'aikatar kuɗi, kwantenar ta yi watanni a tashar jiragen ruwa, kuɗin ajiya na hawa kullum. Da aka buɗe ta a harabar tasha kowa ya zo kallo. Mesar kamar sabuwa fil, amma bakinta irin na Jamus ne, wanda ake haɗawa a murɗa, namu kuwa irin na Ingila ne, wanda ake turawa ya kama. Babu wadda ta shiga famfon motarmu. Akwai tukwanen iskar shaƙa guda shida, abin da muka daɗe muna mafarki, don da jiƙaƙƙen ƙyalle muke rufe hanci mu shiga hayaƙi. Sai dai tukunyar da aka ɗura wa iska mai ƙarfin matsi 300 a ma'aunin "bar" ba ta wuce wajen rabin awa ga mai aiki tuƙuru, kuma ba mu da injin ɗura ta. Ana kuma gwada lafiyar tukunyar duk shekara biyar, tambarin gwajin da ke jikin namu duk ya wuce. Rigunan kuwa, a ƙa'idar Amurka ana ajiye su ne idan sun kai shekara goma daga ranar ɗinki, namu sun haura. Mun sa su duk da haka, da babu gara ba daɗi. Yanzu kafin in ce na gode, sai na nemi hoton bakin mesa da na tambarin tukunya. Ko mota aka ce, sai na tambayi ɓangaren da sitiyarinta yake, don tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, mota mai sitiyari a dama kuma doka ba ta yarda da ita a titi ba.

Sharuɗɗan da suka fi koya mini yadda masu bayarwa ke tunani su ne na shirin ƙananan ayyukan al'umma da ofisoshin jakadancin Japan ke gudanarwa. A lokacin da na karanta su, iyakar kuɗin yen miliyan 10 ce. Ba a biyan albashi da shi, ba a sayen mai, ba a ɗaukar hidimar yau da kullum ta ofis, kuma duk abin da za a saya sai an kawo takardar farashi daga 'yan kasuwa uku. Da na duba na wasu sai na tarar duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Za su gina maka abu, amma ciyar da shi naka ne, kuma suna so su gani a rubuce wa ya ɗauki wannan nauyin. Tambayar man da jami'ar nan ta yi mini kenan.

Sai maganar inda kuɗin zai sauka. Jiharmu na cikin masu tsarin asusun bai-ɗaya, duk abin da ya shigo wa hukumar gwamnati can yake tafiya, fito da shi kuma sai takarda ta bi tebur-tebur. Mai bayarwa yana son asusu na musamman da zai iya bin sawun kowace naira. Mafitar da muka samu ita ce ƙungiyar 'yan kasuwa ta zama mai nema, mu kuma masu ba da shawara. A nan ma an sha aiki. Rajistarsu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tana nan, amma rabin amintattun da ke jikin takardar sun rasu. Ba su da lambar haraji, ba su da satifiket ɗin SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram, da banki ke nema kafin ya buɗe wa ƙungiya asusu. Wata huɗu muka yi a kan wannan kaɗai, har wa'adin wani tallafi ya wuce mu muna kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shugaban 'yan kasuwar, dattijo mai sayar da atamfa, da farko ya ƙi. Ya ce, "Ɗana, muna biyan haraji, sannan mu haƙa muku rijiya?" Na ce, "Alhaji, gaskiyarka ce." Ban yi musu ba, don ni ma ra'ayina kenan: kashe gobara aikin gwamnati ne, tallafi ciko ne kawai. Na dai buɗe masa kwamfuta na nuna masa daren da layin masu katifa ya kama, da mintocin da motarmu ta yi a hanyar ɗibar ruwa. Shagon ƙaninsa na cikin waɗanda suka tafi a daren. Bai ce komai ba, ya sa aka kira ma'aji.

A farkon 2023 muka shigar da takardar, makonni kaɗan bayan kasuwar Monday ta Maiduguri ta ƙone a watan Fabrairu. Wani banki da ke da reshe a bakin kasuwar ya amince zai biya rijiya da tanki da famfo mai amfani da hasken rana. Kuskurena na ƙarshe a nan ya fito. Na yi kasafin lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yanke farashinta, kafin kuɗin su fito a farkon 2024 dala ta haura 1,500. Farantan sola da famfo duk daga waje suke zuwa. Ban ware ko sisi don tashin farashi ba, ban kuma rubuta ranar da takardun farashin za su daina aiki ba. Tanki biyu muka nema, ɗaya aka yi, shi ma sai da 'yan kasuwa suka yi karo-karo.

Horo shi ne mafi arha a duk abin da muka nema, shi ne kuma ya fi wuyar samu, don ba a rubuta sunan kowa a jikinsa da fenti. Mun so tura mutum huɗu makarantar horon hukumar kashe gobara ta tarayya da ke Sheda, kusa da Abuja, ba mu samu mai biya ba. Sai muka juya maganar: mu za mu horar da masu gadin kasuwa, su da ke wurin a mintocin farko. Aka koya musu inda za su katse wutar kowane layi, da yadda ake zare fil ɗin tukunyar kashe wuta a nufi gindinta, da cewa wutar fetur ba a watsa mata ruwa, sai kumfa ko yashi. Bayan tankar mai ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, mutum sama da 150 suka rasu, babu wanda ya sake tambayata dalilin sa kumfa a kasafi.

Rahoton wata shida na farko ya kusa kai ni ƙasa. Mai haƙa rijiyar ya karɓi wani kaso a hannu ba rasit, sai da na bi shi har wani ƙauye inda yake aiki ya rubuta mini a kan bonet ɗin motarsa. Yanzu akwai kwali a ƙarƙashin teburina, ko ƙusa aka saya rasit ɗinta na ciki. Littafin kira kuma mun ƙara masa layi biyu: lokacin isa wurin, da lokacin da ruwa ya ƙare.

Motar da ke kan duwatsu tana nan. Tukwanen iskar ma suna sito, don takardar injin ɗura su ta dawo sau biyu, ina kan rubuta ta uku. Mabuɗin tankin kasuwa guda biyu ne, ɗaya a wurin shugaban masu gadi, ɗaya Baba direba ya ɗaure da igiya a jikin mabuɗin motarsa, ya ce ko Oga ba zai ba aro ba.