Saƙon Godiya Bayan Dawowarmu Daga Gashaka-Gumti

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, Allah ya dawo da mu gida lafiya daga ziyarar da muka kai gandun dajin Gashaka-Gumti, kuma a madadin dukan abokan tafiyata ina miƙa godiya ga waɗanda suka tsaya mana a lokacin da tafiyar ta zo da jarrabawa.

Godiyarmu ta farko ga masu gadin dajin ne, waɗanda suka yi mana rakiya tun daga garin Serti. Wannan gandu, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, domin faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa, kuma a yankinsa ne dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 yake. Sai da muka taka dajin da ƙafarmu muka fahimci nauyin da ke kan waɗannan bayin Allah, masu sintiri cikin duwatsu da ƙoramu da cizon ƙudan tsando, suna fuskantar mafarauta da masu saran itace.

A hanyarmu ta dawowa daga Kwano, wani sansani a cikin dajin, inda muka je da fatan ganin biri mai ganga, wato chimpanzee (kukansa kawai muka jiyo daga nesa, amma mun ga gogo da tsuntsaye iri-iri), santsin dutse ya kwashe dattijon da ke cikinmu a wata ƙorama, ƙafarsa ta goce. Babu hanyar mota a wurin, wayoyinmu kuma babu sabis. Ba tare da ɓata lokaci ba masu gadin suka ɗaure ƙafar, suka haɗa makara da sanduna da bargo, sannan su da 'yan dakonmu suka riƙa karɓa-karɓa a kan gangara da hawa har ƙauyen Gashaka. Babu wanda ya yi tsaki, babu wanda ya kawo maganar ƙarin kuɗi, har ma da muka yi musu ihsani daga baya sai da muka haɗa da roƙo kafin suka karɓa. A ganina, mutane irin waɗannan sun cancanci kulawar da ta fi wadda suke samu.

Muna godiya ga mutanen ƙauyen, musamman iyayenmu mata da suka dafa mana ruwan zafi da tuwo cikin dare, da direban da ya kai mu Serti, da ma'aikatan jinyar da suka karɓe mu.

Ga 'yan uwa da abokan arziki da hankalinsu ya tashi saboda rashin jin ɗuriyarmu, muna ba ku haƙuri, mun kuma gode da addu'o'inku. Baba yana samun sauƙi, har ya fara takawa da sanda, kuma ya ce a isar da gaisuwarsa ga kowa.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya tsare masu tsaron wannan daji, ya mayar da su ga iyalansu lafiya. Amin.