Tarihin Rayuwata, Kashi na Shida: Ƙarƙashin Teburin Garba

A makon jiya na tsaya a inda jirgin ƙasa ya ɗauko mu daga Wagadugu, ya ratsa Bobo da Buwake, ya sauke mu a tashar Tireshibil da ke Abijan, cikin watan Nuwamba na 1993. Shekaruna 19 a lokacin, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Birnin Ƙonni ba. Ranar da zan bar Tawa, bayan an kai hatsi rumbu, Kawu ya riƙe hannuna a ƙofar gida ya ce, "Yaro, kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na ɗauka tsorata ni yake yi don kada in tafi biɗa kamar sauran samarin Adar, shi ya sa ban ba maganar muhimmanci ba.

Ɗansa na fari, wanda nake kira Yaya, shi ne ya tarbe ni, kuma bai kai ni ɗaki ba, sai ya wuce da ni rumfarsa ta sayar da garba a unguwar Ajame. Ga wanda bai sani ba, garba acheke ne da ake yi da rogo, a ɗora masa soyayyen kifin teku da albasa da barkono, kuma mutanen Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi, har sunanmu ya bi abincin. A ƙarƙashin teburin nan na kwana wata huɗu a kan kwali, ina gadin kaskon suya, alhali Yaya yana da ɗaki da katifa.

Abin da ya fara wahalar da ni shi ne iskar garin. Na baro Tawa hunturu yana shigowa, leɓe yana tsagewa, na tarar da ƙasar da gumi ba ya bushewa a jiki, rigar da aka wanke da safe kuma tana iya kai magariba da danshinta. Tsamin acheke ya hana cikina zaman lafiya har mako biyu, ni da na saba da fura da hantsi da tuwon hatsi da dare. Wata safiya Yaya ya aike ni kasuwa sayen albasa, sai na ga ana sauke buhunan albasar Galmi daga babbar mota. Na ɗauki guda ɗaya na shinshina, na tsaya riƙe da ita har mai kayan ya tambaye ni da Hausa ko lafiya, na kasa ba shi amsa.

Ban yi lakwal ba, allo kawai na yi, saboda haka Faransanci bai shiga kunnena da wuri ba. Julanci, yaren 'yan kasuwar garin, shi ne ya cece ni, domin su ma da dala suke lissafi kamar mu, sai dai su suna ce mata dorome. Da na gane cewa mugan ɗinsu shi ne dala ashirin tamu, wato faran ɗari, abin da masu Faransanci ke kira san faran, sai ciniki ya fara zauna mini. Kafin nan na taɓa ba wani canji ya wuce kima, Yaya ya mare ni a gaban masu cin abinci. Bara, a wajen wani suna a nan Tawa, na ji shi yana gaya wa mutane cewa shi ya mayar da ni mutum a Abijan. Na yi shiru ne saboda darajar Kawu, Allah ya jiƙansa, amma jika goma da Inna ta sayar da tunkiyarta ta ɗaure mini a lalita, waɗanda ya karɓa da sunan zai yi mini takardar zama, har yau ban ga kuɗin ba, ban ga takardar ba. Ita takardar an ɗora wa baƙi ita ne zamanin da Alasan Watara yake firaminista, kuma rashinta ya sa duk lokacin da na hango masu bincike sai in bar gbaka, wato ƙaramar motar haya, in bi lungu da ƙafa.

Ranar 7 ga Disamba shugaban ƙasar, Ufuwet Buwanyi, ya rasu, na ga dattawanmu sun yi jugum a bakin masallaci, suna cewa mutumin da ya buɗe wa baƙo ƙofa ya tafi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka yi tsada, Yaya kuma ya samu hujjar hana ni ɗan abin da ya yi alkawari. A daren da ya hana ni ne, ina kwance a kan kwalina, maganar Kawu ta dawo mini, na fara tunanin ko ɗansa yake nufi da gidan da zai bar ni, domin ya san halinsa fiye da kowa.

Wanda ya fitar da ni daga ƙarƙashin teburin wani tsoho ne ɗan Buza, mai sayar da goro kusa da rumfarmu. Da asuba ya tarar da ni ina rawar ɗari saboda zazzaɓi, ya ce, "Ɗana, tashi ka ɗauko jakarka." Matarsa ta dama mini fura da nonon gari, na shanye kwanon ban ɗago kai ba. Yadda Yaya ya biyo ni har gidan da rigima, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.