Na'ura ta iya rubuta manhaja, amma ba ta san Kantin Kwari ba

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen shekarar 2022, yaran da ke koyon aiki a wurina ba su da tambayar da ta wuce, "Oga, anya harkar nan tana da sauran kwana?" Sana'ata rubuta manhaja ce ga 'yan kasuwa da makarantun kuɗi a nan Kano, kuma duk wata ina biyan kuɗin GitHub Copilot, na'urar AI irin ChatGPT da ke taya mutum rubuta manhaja, da dala ma kuwa. Don haka abin da zan faɗa a bakin aiki na gan shi.

Wani Alhaji mai shaguna a Kwari ya nemi in raba shi da littafin bashi. Shafin shiga, rajistar kaya, fitar da rasit, duk abubuwan da a da sukan ci mini kwana da kwanaki, na'ura ta zubo su kafin la'asar. Gaskiya a ranar gabana ya faɗi.

Sai aka zo kan ciniki. A tunanin na'ura, kowane kaya farashinsa ɗaya, mai saye ya biya ya ɗauka ya tafi. A Kwari ba haka ake yi ba. Atamfa turmi-turmi ake sayarwa, yadi shida, amma dila-dila take shigowa. Shadda kuma daga bandir ake yanka. Farashin sari daban, na ɗaiɗai daban, na tsohon kwastoma kuma Alhaji kaɗai ya san shi. Baƙo daga Nijar ko Chadi zai ɗebi kaya bashi, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, wani a hannu, wani ta taransifa, wani lokacin ma da sefa. Ga la'adar dillali. Ga kuma wanda ya fi ba ni wuya: idan babu kaya a shago, yaro ya ruga maƙwabta ya karɓo, sai yamma a yi lissafi. Ba mu da kayan, mun sayar da shi, riba tamu, uwar kuɗi ta wani. Wannan babu inda aka rubuta shi a intanet. A kan benci na koye shi, ina kallon yaran shago, ina yi wa Alhaji tambaya har ya ce, "Injiniya, kai ma kasuwar za ka shigo ne?"

Da na fahimta na yi wa na'ura bayani dalla-dalla, ta taimaka ƙwarai. Sai dai dole a bi ta layi-layi. Saboda matsalar sabis, mun tsara manhajar ta yi aiki ko babu intanet, ta haɗa bayanai daga baya. Abin da ta rubuto tsaf yake a ido, amma idan yara biyu suka sayar da turmi na ƙarshe a wayoyi biyu, duka take karɓa. Wani zubin kuma ta ƙirƙiro umarnin da babu shi sam, ta miƙo maka ba ko kunya. Ranar da lissafi ya ƙi daidaita, lambata Alhaji zai kira, shi ya sa yanzu rabin samuna daga kwangilar kula da manhaja yake fitowa.

Inda abin ya ci mutane shi ne ƙananan ayyuka. Shafin intanet na makaranta ko na otal, wanda a da ake ba sabon shiga ya samu na mai, yanzu ɗan mai makarantar ma sai ya haɗa shi da kansa. Wannan ya fi damuna, domin a irin waɗannan ayyukan hannu ke faɗawa. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar kwamfuta, abu ne mai kyau, amma wa zai ba su aikin farko?

Ni dai a shagona ban hana kowa amfani da na'ura ba. Sharaɗin ɗaya ne: duk layin da ka kawo, sai ka faɗa mini abin da yake yi da Hausa, in ka kasa mu goge. Kuma kafin yaro ya taɓa kwamfuta a sabon aiki, sai ya je ya yini wurin mai aikin. Wanda na tura Dawanau ya dawo yana mini bayanin yadda buhun riɗi ke rage nauyi idan ya bushe a sito, da rigimar wanda zai ɗauki asarar tsakanin mai kaya da mai ajiya. Shi na ba wa ragamar aikin.